Ranar da Braimah Ya Koma Bakin Yanka

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Dramani. Sarkin Zango da 'yan majalisarsa. Malam Liman da sauran malamanmu. Iyayenmu mata da suka bar tukwanen sana'arsu a bakin titi suka zo. 'Yan'uwana mahauta na Sabon Zango da Nima da Maamobi. Jama'a manya da ƙanana: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan yini, ina kuma gode muku da kuka amsa kira. Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da sarautar fawa, ban taɓa tsayawa gaban jama'a da alfahari irin na yau ba. Mun taru ne domin mayar da ɗanmu Braimah Alu bakin aikinsa na yanka, bayan shekara huɗu da raba shi da wuƙa. Ni na karɓe ta, saboda haka ni ya kamata in yi bayani, kuma da izininsa nake yi.

Da farko, ku san yadda abin ya faro. Braimah ya tashi a hannuna, hannunsa kuwa ya fi na sa'o'insa sauƙi a wuyan dabba. Ya tafi Legas neman arziki, ya samu aikin dako a tashar jirgin ruwa, can aka koya masa ƙwayar da ke hana jin gajiya. Da aka koro mutanenmu daga Nijeriya a shekarar tamanin da uku, ya sauka a Tema da rigar jikinsa kaɗai. Kunya ta hana shi haɗa ido da kowa. Ƙwaya ta daina isarsa, ya haɗa da giyar akpeteshi. Muna gani, muna kau da kai.

Wata safiya ya kayar da sa, hannunsa na rawa, bakinsa na wari. Yankan ya ɓaci, Malam Liman ya ce naman bai halatta ba. A gaban kowa na karɓe wuƙarsa, na ce masa, “Ka ci mutuncin kabarin ubanka.” Ranar nan na ba yayarsa Amama shawarar a ɗaure shi da sarƙa a ɗaki har ya dawo hankalinsa. Jama'a, wannan shawara tawa ce, kuma kuskure ce, ina faɗa da bakina.

Na biyu, ku san waɗanda suka tsaya masa. Amama, wadda kuka sani da sayar da wake da shinkafa a bakin tasha, ta dube ni ta ce, “Baba Sarki, ƙanena ba dabba ba ne. Asibiti zan kai shi.” Duk Talata sai ta rufe tukunya, ta sa shi gaba, su hau motar haya ta trotro zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, mutane suna nuna su da baki. A can suka haɗu da ma'aikaciyar jinya Sista Ayishetu, 'yarmu ce ta unguwar Kanda, ga ta nan zaune. Ita ta tako har mayanka ta same ni.

Na ce mata, “'Yata, wannan raunin imani ne kawai.”

Ta ce, “Baba, mai imani ma yana ciwo. Jikinsa ya saba, idan ya rasa sai ya ji kamar ana zare masa rai. Ga baƙin cikin da ya kwaso daga Legas, ba wanda ya tambaye shi. Magani namu ne, addu'a ta malamai ce. Wurin zama cikin mutane kuwa, ku kaɗai za ku iya ba shi.”

Maganar nan ta zauna mini. Na sa shi wankin fata da sharar mayanka. Mutumin da ake layi domin yankansa ya koma riƙe tsintsiya, bai taɓa ɓata fuska ba.

Na uku shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Bayan wata goma sha ɗaya bai taɓa komai ba, har na fara shirin kiran taro irin wannan, sai mahaifiyarsu ta rasu. Kwana uku bayan jana'iza ya sha giya. Ba wanda ya gan shi. Da ya yi shiru, da ya samu wuƙarsa a watan. Sai ga shi a ƙofar gidana bayan sallar asuba, ya durƙusa ya ce, “Baba, jiya na sha. Kada ka ba ni yanzu. Musulmi ne za su ci abin da na yanka.”

Jama'a, na ga jarumai a wannan sana'a, na ga wanda ya tare bijimi da hannu biyu, amma ban ga jarumta irin ta wannan safiya ba. Na kama hannunsa, ni da kaina na raka shi wurin Sista. Ta ce faɗuwa a hanya tana cikin wannan ciwo, abin tsoro shi ne ɓoye ta. Muka sake ƙirga daga ɗaya. Yau shekara biyu da wata uku.

Ba zan ce muku ya gama ba, domin shi ma ba ya faɗin haka. Yakan ce har gobe idan ya bi ta wani lungu a Nima bakinsa na tara yawu, sai ya canza hanya. Amma ina kira ga duk mai irin wannan ɗa a gida, ya rufe shi a ɗakin baya saboda kunyar maƙwabta: ku buɗe ƙofar. Duk Alhamis bayan la'asar Braimah yana zama a rumfar mahauta tare da masu wannan fama, yanzu su tara ne, tabarma kuwa ba ta cika ba.

Abu na ƙarshe. Naman da ke dahuwa a bayan rumfar nan, wanda ƙamshinsa ya hana wasunku saurarona, da safiyar yau aka yanka bijimin a gaban Malam Liman. Braimah ne ya yanka. Ni zan fara sa hannu a kwano.

Allah ya tabbatar da ƙafarsa. Allah ya saka wa Amama da Sista Ayishetu da alheri, ya jiƙan mahaifiyarsu, ya ba masu fama lafiya, ya yafe mana abin da muka faɗa cikin rashin sani, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.