Baba Mujalla Bai Kai Ga Zaɓa Wa Auta Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaban Jami'a, Shugaban Sashen Kimiyyar Muhalli, Shugabar Ɗakin Karatu da ma'aikatanta, Mama maiɗakin marigayi kuma uwarmu baki ɗaya, 'ya'yansa da jikokinsa, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, sannunmu da wannan rashi. Allah ya ba mu haƙuri.

Tsofaffin ɗaliban sashenmu ne suka ce in yi magana da yawunsu a kan Baba Mujalla, mai kula da ɗakin mujallu, wanda da yawanmu muka gama karatu ba mu san sunansa na yanka ba. Na karɓa da hannu biyu, domin ina da saƙo. Autarsa, ga ta can kusa da Mama, ta samu gurbi a sashenmu bana. Mama ta shaida mini cewa tun rasuwar nan Auta ta ce ta fasa zuwa. Auta, ki ba ni aron kunnenki, zan zo kanki.

Ya kasance mutum ne da ba ya miƙa wa sabon ɗalibi mujalla sai ya san gidan da ya fito. Mun tuna teburinsa a gindin taga, da fankar nan mai kuka, da tabarau a kan karan hanci. Ka zo da ɗokinka ka ce a ba ka babbar mujallar bincike, sai ya dube ka ya ce, "Zauna tukuna, ɗana. Me babanka yake yi?"

Ga Darakta nan a sahun gaba, wanda yau yake kula da ruwan sha na dubban gidaje, in na yi ƙarya ya tashi ya ƙaryata ni. Ranar da muka shiga tare ya amsa da cewa babansa bakanike ne. Baba ya ce, "To, baƙin man da yake juyewa daga mota, ina yake zuwa?" Darakta ya haɗe rai, ya ɗauka gori ake yi masa. Baba ya ce, "Je ka gano, gani ya kori ji." Da ya dawo ya ce kwata yake bi har bayan rijiyar maƙwabta, sai Baba ya jawo wata siririyar mujalla mai hotuna, wadda aka rubuta don kowa da kowa, a kan yadda ƙasa ke shanye guba ta kai wa ruwa. Darakta ya ce, "Baba, wannan ai ta yara ce." Ya ce, "Da rarrafe yaro kan tashi. Ka cinye wannan, manyan suna nan, ba su da ƙafa."

Ya kasance yana koya mana mu buɗe mujalla ta baya kafin ta gaba. Yakan ce, "Duba masu talla. Wadda bangonta ke tallar maganin feshi, kada ka tambaye ta abin da ya kashe kifin kogi." In ka ƙware a masu hotuna, sai ya ɗaga ka zuwa mujallun bincike, ya nuna maka inda ake rubuta sunayen malaman da suka tantance aikin. Wadda ba ta da masu tantancewa, ko da takardarta na walƙiya, can ƙasan kanta yake ajiye ta. Kuma ba ya ba ka ɗaya tilo, sai ya haɗa maka da wadda ke musa ta, ya ce ka je ka sasanta su.

Ya kasance mai taurin kai a kan ƙa'idarsa, Mama shaida ce, kuma a nan ciwon yake. Da takardar samun gurbin Auta ta fito, ta roƙe shi a gida ya zaɓa mata abin da za ta fara karantawa. Ya ce, "A gida ni babanki ne. Ki yi rajista ki same ni a tebur kamar kowa." Ta yi dariya, shi ma ya yi. Ajali ya riga rajistar. Auta ta ce wa Mama, "'Ya'yan mutane duk ya zaɓa musu, ni da ya haifa ban samu ba. In na shiga ɗakin nan na ga kujerarsa ba kowa, wa zan tambaya?"

Auta, kukanki yana kan hanya, mu ma abin ya taɓa mu ƙwarai. Amma kin yi tambaya, kuma ba za ki bar zauren nan ba amsa ba. Ina roƙon izinin Shugaban Jami'a. Duk wanda ke nan da Baba ya miƙa masa mujallarsa ta farko, don Allah ya miƙe tsaye.

Ɗago kai ki duba, ƙanwata. Dubi baya ma, har bakin ƙofa. Ga mai gwajin ƙasa, ga mai dashen itatuwa, ga malamanki na bana, har Shugaban Sashe bai tsira ba. Babu ɗaya a cikinmu da bai san hannun babanki a kan wannan aiki ba. Ranar Litinin zan zauna a teburin nan da kaina, in na tashi wani ya zauna, har ranar da za ki gama. Abin da ya hana ki a gida bai tafi da shi kabari ba, mu ya bar wa ajiya, kuma za mu damƙa miki shi cif. Mama, ki turo mana ita.

Ku zauna, na gode. Muna godiya ga jami'a da ta tara mu, da iyalin da suka ba mu aronsa shekara da shekaru ba su yi ƙorafi ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa kowane shafi da ya buɗe mana ya zame masa sadaka mai gudana. Allah ya ba Mama juriya. Allah ya sa Auta ta shiga ɗakin mujallun nan da ƙafar dama, ta fita ta fi mu duka. Amin.