Ban-Haƙuri ga Malam Leonard

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, Alhaji Datti. Malamanmu da iyayenmu. Baƙinmu na Kabo da Gammo. Jama'ar Gwarzo maza da mata, ina gaishe ku, ina gode muku da amsa kiranmu. Ni Zainulabidin, a madadin ƙungiyar matasa nake magana, kuma wallahi bakina da nauyi.

Da farko, kun san gardamar da ta raba samarin nan gida biyu. Hambali yana da na'urar wasan gem mai kaset, Haladu na Kabo yana da mai faifai. Hambali ya ce tasa ko ta faɗo daga kan tebur, ka hure kaset ɗin ta tashi. Haladu ya ce tasa ta fi hoto, ta fi sauti, mutum kamar ya yi magana. Hambali ya ce faifai da ya karce ya mutu. Ana cikin haka fetur ya yi tsada, wuta ta ɗauke, janareta ya kwanta, na'urorin biyu suka yi shiru.

A lokacin ne Malam Leonard, malamin lissafi da ya zo mana daga Filato, ya shimfiɗa kwali a gindin darbejiya. Ya zana taswira, ya kawo ƙwayar ludo, ya ba kowa matsayi: wannan falke, wannan maharbi, wannan mai jaki. Shi yana ba da labari, su suna yanke shawara, ƙwaya tana nuna wanda ya dace. Haladu ya ce, "Malam, dokar wasa ɗaya ba za ta ɗauki kowane labari ba." Washegari da dokar nan suka yi wasan noman damina, rana ta uku suka yi na fataucin goro, har Haladu ya sallama.

Abu na biyu shi ne abin kunyar. Wani ya hango ƙwaya, ya ce caca ce. Ba a tambaya ba, ba a zauna an gani ba. Samarinmu, 'yan'uwanmu, suka yayyaga kwalin, suka ja malamin 'ya'yanmu a gaban ɗalibansa har gaban alƙali, garin yana kallo. Alƙali ya bincika, ya ce babu kuɗi, babu jingina, babu caca. Shari'a ta wanke shi, mu kuma ta bar mu da kunyarmu. Da muka je gidansa, matarsa Joan ta kawo mana ruwa, shi kuma cewa ya yi, "Yaran ba su ji ciwo ba dai ko?"

Malam, mun ji ka nemi canjin wurin aiki. Ba mu da bakin cewa ka zauna, amma ga mu a gaban jama'a muna roƙo: ka yafe mana, ka zauna.

Allah ya ba mu haƙurin bincike kafin hukunci. Allah ya sauƙaƙa mana wannan matsin rayuwa, ya mayar da kowa gida lafiya.

Na gode.