Hanjin da Ya Turo ta Wurin Ɗinki

Tabarma, zani biyu, shinkafa a ganyen ayaba. Da su wata 'yar dako mai suna Tukiyem take jiran motar asibiti a tashar Wonosari. Wata tsohuwa ta matso.

"Cikin wata nawa, 'yar nan?"

"Hanji ne, Iya, ya turo ta wurin da aka yi mini aiki. Na koma ɗaukar buhu tun ɗinkin bai kama ba."

"Ɗaure da ɗamarar jego mana."

"Ita ta ɓoye shi har ya kai girman kwakwa. Raga likita zai sa a ciki, ta tare shi."

"Kifi ce ke? In kin kwanta, wata za ta gaji masu ba ki dako."

"Ta gaje su. Cikina ɗaya ne."

Tukiyem ta shiga mota, ta rufe ƙofa.

"Ko buta ba zan ɗaga ba sai ya warke."