Ko Bagaruwa Guda

A tashar motar Sakkwato, wani tsohon majemi ya leƙa takardun matashiyar da ke gefensa.

"Ɗiyata, mi kike dubawa?"

"Baba, alkawuran kamfanonin tufafi masu sayen fatar jar akuyarmu. Wai nan da shekara ashirin za su daina gurɓata iska. Aikina in gano ko da gaske suke."

Tsohon ya lumshe ido. "Da ƙuruciyata, bagaruwar da muke jima da ita, inuwarta har bakin gulbi. Yau sai na hau mota nike samo ta. Sun dasa ko guda?"

Ta juya shafi. "Sun ce za su dasa."

"To, rubuta ba su shirya ba. Mai son inuwa shekara ashirin, bana shike haƙa rami."