Kada a Yi wa Tattabara Ƙaryar Sanyi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga wanda muke zaune a maƙwabtakarsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Idrisa. Iyayenmu dattawan unguwar Jurf ta nan Madina. Iyayenmu mata da ke bayan labule, waɗanda na san suna ji ko da ba ma ganinsu. Direbobi da makanikai da masu walda. 'Yan uwana samari, har da waɗanda suka jingina da ƙofa suna danna waya, a yi musu Hausa su amsa da Larabci: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Na gode da aka ba ni minti goma. Zan yi ƙoƙari kada in wuce, amma ban yi alkawari ba. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Suhaib, ɗan Malam Osman direba, ga shi can zaune a sahu na biyu. Ban gama sakandare ba, kowa ya sani, kuma ba na ɓoyewa. Abin da na sani game da mota a warsha, wato gareji, na koya, a ƙarƙashin mota, sai kuma littattafan gyara da nake karantawa a waya, kalma ɗaya in duba ta sau uku kafin ta shiga kaina.

Abin da ya tara mu shi ne Tattabara. Wanda ya zo sabo, Tattabara ita ce 'yar ƙaramar motar nan mai ruwan toka, samfurin casa'in da ɗaya, wadda marigayi Alhaji Abdulsalam ya bari wakafi domin kai tsofaffin matan unguwa Harami da asibiti. Tun da direbanta ya koma gida bara, samari ke karɓa-karɓa da makullinta. Yau abokina Sabo ya kawo shawarar a ɗaura mata ɗan akwatin nan da ake cewa shariha, wasu su ce cip, wai don ya ƙara mata ƙarfi, kuma an ce za a ɗaga hannu bayan jawabai. Na tashi ne in ce kada a ɗaura. Ina da dalilai huɗu, na ƙarshen ya fi sauran nauyi, ku yi haƙuri da ni har in kai gare shi.

Na farko, mene ne a cikin akwatin? Sabo ya nuna mana kwalinsa, da hoton wuta tana fita daga bayan mota. To ni ba kwali na zo da shi ba, ga irinsa a hannuna, na fasa shi da sukundireba. Alhaji, ku karɓa ku duba, ku miƙa baya kowa ya gani. Waya biyu ce, da 'yar fitila mai ƙyaftawa don ran mai saye ya yi daɗi, da wata 'yar aba guda kamar ƙwayar shinkafa. Shi ke nan, wallahi shi ke nan! Tattabara ba ta da kafireto, injakta ce, yaʿni tana da ƙwaƙwalwa mai auna man da za ta fesa. Kuma tana da ɗan hanci a bututun iska, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwar ko iskar da ke shigowa mai zafi ce ko mai sanyi. Aikin wannan ƙwayar shinkafa ɗaya ne tak: ta tsaya tsakanin hanci da ƙwaƙwalwa ta ce, “Ana sanyi.” Kullum ana sanyi. Da azahar ana sanyi. A watan Agusta ana sanyi. A Madina, jama'a! A garin da kake taɓa sitiyari da rana ka janye hannu! Ƙwaƙwalwa ta yarda da ƙaryar, ta yi wa inji lissafin hunturu a tsakiyar bazara, shi kuma ba shi da bakin da zai ce ana cutarsa, sai dai ya riƙa ƙara ƙas-ƙas-ƙas a hawa, wadda mai kunna rediyo ba zai ji ba.

Na biyu. Na ga Sabo yana girgiza kai, zai ce wannan na bogi ne, akwai na gaske. Akwai, ya Sabo, ban musa ba. Akwai masu buɗe ƙwaƙwalwar su sake mata lissafi da ilimi, su ɗora mota a kan na'ura su gwada, kuma a sababbin motoci masu turbo ana ganin bambanci. Amma ɗan inji irin na Tattabara, wanda da numfashinsa kawai yake jan iska, me za ka matso daga cikinsa? Waɗanda suka auna sun ce abin da ake samu ɗan kaɗan ne, wanda in ka sauke galan biyu na zamzam daga but ka same shi. Kuma me ka sa a caca don wannan ɗan kaɗan? Ƙwaƙwalwar da aka daina ƙerawa tun kafin a haife ni. Na zagaya wurin rugujen motoci kaf, na tambaya a Jidda, na tambaya a Yanbu, ana kallona kamar na zo neman takalmin kakana. In ta ƙone, ta ƙone. In fistin ya huje, Tattabara ta zama wurin kwanan kyanwa a bakin masallaci.

Na uku, wa ya ce yana sauri? Wannan ita ce tambayar da ke hana ni zama. Ba mu muke shiga motar nan ba. Shekaranjiya na kai Hajiya Ƙaltume asibiti, ita da ake yi wa wankin ƙoda sau uku a mako, na ce, “Hajiya, samari na so a ƙara wa motarku gudu.” Ta ce, “Gudu zuwa ina, ɗan nan?” Na ce, “Wai tana nauyi a kan gada in an kunna mukayyif, na'urar sanyi.” Ta ce, “To a kashe mukayyif ɗin a kan gada mana, a kunna in an sauka. Ni daga ƙofar gida zuwa Harami salati ɗari biyar nake yi cif. In kuka rage mini hanya, ku za ku cika mini sauran?” Ku yi dariya, ni ma na yi. Amma ta faɗi magana. Abin da take buƙata daga Tattabara shi ne ta tashi ranar Asabar, ta tashi ranar Litinin, ta tashi ranar Laraba. Mu faɗa wa juna gaskiya, samari: ba don Hajiya ake son shariha ba. Don taron tsofaffin motoci ake so, a buɗe bonet, a taka mai, a ɗauki hoto a sa a waya. Wakafin mamaci ne, ba abin wasanmu ba. Marigayi bai ce a kai ta gasa ba, cewa ya yi a kai iyayenmu.

Alhaji, na ga kun duba agogo. Saura ɗaya, kuma don shi na tashi.

Na huɗu. Wannan akwatin da ke yawo a hannunku, ba sayo shi na yi don jawabi ba. Shekararsa uku a aljihun tebur ɗina.

Kun tuna mahaifina yana da irin Tattabara sak, fara. Shekara ashirin da shida yana tuƙa ta, bai taɓa buɗe injinta ba. Kun tuna shekarar da Goggo Halimatu, yayarsa, ta zo daga Cadi, zuwanta na farko kuma ba ta sake ba, ya ce shi da kansa zai kai ta Umra, ba zai sa ta a bas ba. Suka ɗaura niyya a miƙatin Bi'ir Ali da hantsi. Ba su yi nisan awa biyu ba, a wani dogon hawa, injin ya tafasa ya buga. Da na isa da motar jan motoci, na tarar da Goggo a raɓe a ɗan inuwar ƙofa, leɓenta ya bushe. Na tarar da Baba tsaye gaban bonet cikin harami, kansa a buɗe, don mai ihrami ba ya rufe kai, rana tana dukan tsakiyar kansa awa uku. Abin da ya ce mini shi ne, “Suhaib, lagireto ya bushe. Ina jin na manta ban duba ruwa ba. Tsufa ya zo.” Wani bas ya taimaka ya ƙarasa da su Makka. Da ya dawo, ya rataye makulli a ƙusa, ya ce mutumin da ya fara mantuwa bai kamata ya ɗauki ran mutane ba. Daga ranar bai sake zama bayan sitiyari ba. Kun gan shi, kullum a bakin ƙofa yana kallon motocin wasu.

Baba, ba ka manta ba. Da idona na ga ka duba ruwa da safiyar nan, ka duba mai, ka buga tayoyi da ƙafa kamar yadda ka saba. Ni ne. Kwana huɗu kafin tafiyar na ɗaura mata wannan abin a ɓoye, wai in ba ka mamaki, ka ji ta yi ƙarfi a hanyar Makka ka ce ɗanka ya iya. Da aka jawo ta warsha, kafin kowa ya leƙa, na cire shi na sa a aljihu. Ka ce tsufa ne, na yi shiru. Ka rataye makulli, na yi shiru. Shekara uku ina cin abinci a kwano ɗaya da kai ina shiru. Ana cewa Suhaib bakinsa ya fi hannunsa sauri, Suhaib ba ya barin ta kwana, ga shi maganar da ta fi kowace cancantar a faɗa ita na haɗiye. Fushin da kuke gani ina yi da Sabo tun makon jiya, ba da Sabo nake ba. Ya Sabo, ka yafe ni, kai aƙalla a gaban jama'a ka kawo naka.

Saboda haka, mai girma shugaba, roƙona biyu ne. Na ɗaya, in an zo ɗaga hannu, a bar Tattabara yadda masu ita suka ƙera ta. In nauyi take yi, ni zan wanke injaktocinta, in sake fulogi, in wanke lagireto, in sa sabuwar matatar iska, da hannuna, ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar, Sabo ya zo ya riƙe mini fitila. Na biyu, a daina yawo da makullinta hannu-hannu. Akwai direba a ɗakin nan wanda ya yi shekara ashirin da shida bai taɓa mantawa da ruwa ba. A ba shi. In ya ƙi yi mini magana daga yau, haƙƙinsa ne, zan jira. Amma gobe Asabar, ƙarfe bakwai Hajiya Ƙaltume take fitowa.

Allah ya jiƙan Alhaji Abdulsalam, ya sa motar nan ta ci gaba da kai masa lada. Allah ya ba iyayenmu marasa lafiya sauƙi, ya kiyaye direbobinmu a hawa da gangara, ya shirye mu samari, ya fara da ni. Allah ya bar mu a maƙwabtakar Manzonsa, ya tashe mu daga wannan zama da gafara.

Baba, ga makullin a kan tebur.

Na gode.