Ranar Asabar Ban Da Kawu

Ciyaman: Salamu alaikum. Kawu, barka da rana.

Kawu: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Ciyaman: Ni ne mana, Kawu. Ɗan ƙanwarka.

Kawu: A'a, Ciyaman da kansa. Shugaban magoya baya. Yau kuma an tuna da mu.

Ciyaman: Haba Kawu. Ya aiki? Ya shago?

Kawu: Shago yana inda ka san shi. Ya uwarka?

Ciyaman: Tana lafiya, tana gaishe ka. Ya su Inna da yara?

Kawu: Kowa lafiya. Dakata in kashe injin waldar nan, ba na jin ka. To, ina ji.

Ciyaman: Na ce ya idon? Ya jiki?

Kawu: Sati shida ina kwance da auduga a ido, sau ɗaya ka leƙo, ko zama ba ka yi ba. Yanzu da na warke kake tambayar ido. Ido garau yake. Daga nan ina hango lambar motar da ke tsallaken titi.

Ciyaman: Alhamdulillahi. Hidimar kulob ce ta sha kaina, ka san yadda ake ciki.

Kawu: Na sani fiye da kai. Muna na biyar a teburi, huɗun sama ne ke shiga zagayen fidda gwani, saura wasa ɗaya. In mun doke 'Yan Masaƙa ranar Asabar mun shiga. Shekara goma sha bakwai rabonmu da shi. Ai shekaranjiya na sa aka yi wa gangar da nake kaɗa wa kulob sabuwar fata, yanzu haka tana kan rufin shago tana shan rana. In ka ji muryarta sai tsigar jikinka ta tashi.

Ciyaman: To dama maganar da na kira ke nan. Likita bai hana ka shiga ƙura ba?

Kawu: Wane likita?

Ciyaman: Wanda ya yi maka aikin. Ka san fili, ga rana, ga turereniya, wani ya zo ya buge ka a ido...

Kawu: Likita ya sallame ni. Shi da kansa ya tambaye ni ko zan samo masa wurin zama a inuwa.

Ciyaman: Duk da haka, da ka ɗan ƙara hutawa. Wasa ɗaya ne.

Kawu: Me ka ce? Layin yana tsinkewa.

Ciyaman: Na ce da ka huta.

Kawu: Na ji ka tun farko, so nake ka maimaita in tabbatar. Ni zan huta ranar Asabar? Kai, fito fili. Tun kana ƙarami in za ka yi ƙarya sai muryarka ta siriri. Me aka ce?

Ciyaman: Ba wani abu ba ne. Kwamiti ne ya zauna jiya a bayan shagon Wanzami, aka ɗan duba wasu abubuwa.

Kawu: Kwamiti ya zauna ba a kira ni ba. Ni da na kafa shi muna mu biyar a kan benci ɗaya. Me aka duba?

Ciyaman: Wasanni huɗu aka buga kana jinya, Kawu.

Kawu: Na sani.

Ciyaman: Duk huɗun mun ci.

Kawu: Na sani, na ji a rediyo. Sai me?

Ciyaman: Kafin nan, wasa tara a gida, biyu kawai muka ci. Kana nan duk taran.

Kawu: Ƙarasa.

Ciyaman: Mutane suna magana. Ba ni na fara ba. Suna cewa... wai ƙafarka ce ba ta karɓi kulob ɗin ba.

Kawu: Ƙafata.

Ciyaman: Haka suke cewa.

Kawu: Shekara ashirin da shida ina rataye da gangar nan. Kafaɗata ta hagu ta fi ta dama gangarowa, tela ma sai ya rage mini hannun riga ɗaya. Ruwa ya doke ni, an jefe ni da dutse a filin mutane, na kwana a tasha saboda kulob ɗin nan. Yau ni ne mai farar ƙafa.

Ciyaman: Ba wanda ya musa wahalarka.

Kawu: Ni na sayar da mai cin ƙwallonmu ana tsakiyar kakar wasa? Ni na canza koci goma sha ɗaya? Golan da ya tsaya yana gyara safa ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa, ganga ce ta ɗaure masa hannu? Fanaretin bara da aka harba sama har ta faɗa gidan mutane, ni na buga?

Ciyaman: Duk an faɗi wannan a zaman. Akwai waɗanda suka tsaya maka.

Kawu: Su wa?

Ciyaman: Ba a faɗin sunaye.

Kawu: To su wa suka ƙi ni? Dogo tela yana ciki, na rantse. Shekara goma yana haɗiyar yawu a kan wurina, mutumin da ko tafi bai iya yi daidai ba.

Ciyaman: Kawu, ba maganar Dogo ba ce.

Kawu: Shi zai yi kiɗa ranar Asabar ko ba shi ba?

Ciyaman: Shi ya yi a wasanni huɗun nan.

Kawu: Da wannan bokitin fentin nasa.

Ciyaman: Da shi aka ci.

Kawu: Kai, ka iya bakinka. Ni na fara kai ka fili a kan wuyana, ka yi mini fitsari a riga muna cin ɗaya da nema, ban sauke ka ba don kada a ce na motsa wasa ya juya. Yau kai ne kake gaya mini da bokiti aka ci. Hannu nawa aka ɗaga?

Ciyaman: Shida da shida.

Kawu: To ai an yi kunnen doki. Magana ta mutu.

Ciyaman: In aka yi kunnen doki, shugaba ke raba gardama.

Kawu: Shugaba...

Ciyaman: Kawu? Kana ji na? Layin ne?

Kawu: Layi lafiya lau yake. Kai ka ɗaga hannu na bakwai.

Ciyaman: Ka saurare ni. Ni ma na ce musu camfi ne. Na ce ai da kai aka shiga zagayen nan wancan karon, kowa ya san labarin, kai kake ba mu shi kullum. Sai Wanzami ya ce a tambaye ka ranar da aka haifi Auta.

Kawu: Me ya kawo 'yata cikin maganar ƙwallo?

Ciyaman: Shekararta goma sha bakwai. Na tambayi Mama, ta ce ranar wasan da ya shigar da mu zagayen aka haife ta, kana asibiti tun safe.

Kawu: Uwarka ta faɗi haka.

Ciyaman: Ba ta san dalilin tambayar ba.

Kawu: Na je filin ranar. Duk wanda ya ce ban je ba maƙaryaci ne. Ana yanke cibiya na ɗauki ganga na hau mashin, surukata tana zagina har bakin ƙofa.

Ciyaman: Minti nawa ka tarar?

Kawu: Na tarar ana wasa.

Ciyaman: Wanzami ya ce saura minti takwas, mun riga mun ci biyu.

Kawu: To sai me?

Ciyaman: Ya ce kana shigowa aka rama ɗaya.

Kawu: Wanzami ɗan iska ne. Daga yau ko gemuna zai kai cibiya ba zan sake zama a kujerarsa ba.

Ciyaman: Kawu, ka dubi matsayina. Akwai samarin da tun da suka yi wayo ba su taɓa ganin kulob ɗin nan a zagayen fidda gwani ba. Akwai dattawan da suka mutu suna jira. In ka zo aka sha mu, ba ni kaɗai za su ci ba, kai ma ba za ka fita daga filin nan lafiya ba. Ka san mutanenmu.

Kawu: Wato tausayina kake ji.

Ciyaman: Ina jin tsoro, gaskiya. Kuma ina so mu ci.

Kawu: Ni ba na so? To ji nan. Zan zo ba ganga. In sa hula in ja ta har gira, in zauna can ɓangaren rana cikin baƙi, ko tari ba zan yi ba.

Ciyaman: An yi maganar wannan. Sun ce ba gangar ba ce.

Kawu: Ni ne.

Ciyaman: An gaya wa masu tsaron ƙofa duka uku.

Kawu: Masu ƙofar da ni na yi musu waldar ƙyauren da suke tsaro. Madalla. Sai me kuma kwamiti ya yanke? In bar gari?

Ciyaman: A'a. So suke ka yi yadda ka yi lokacin jinya. Ɗakin nan, kan gadon nan, rediyon nan. Kada a canza komai.

Kawu: Audugar fa? In mayar da ita a ido?

Ciyaman: Dogo ya kawo shawarar, na hana.

Kawu: Allah ya saka maka, ka yi zumunci. To in tambaye ka. In na zauna a gida aka doke mu fa?

Ciyaman: Shi ke nan, ka wanku. Ni da kaina zan zo in ɗauki gangar in kai maka fili kaka mai zuwa, a gaban kowa.

Kawu: In kuma muka ci?

Ciyaman: Ai shi ne abin da muke roƙo.

Kawu: Ba shi na tambaye ka ba. In muka ci muka shiga zagayen, wasan gaba zan zo?

Ciyaman: Sai kwamiti ya...

Kawu: Bar kwamiti. Kai nake tambaya, mai hannu na bakwai.

Ciyaman: Kawu, in ya zama biyar a jere, wa zai yarda a taɓa?

Kawu: Wato in mun faɗi ina da wuri a fili. In mun yi abin da na shekara goma sha bakwai ina roƙon Allah ya nuna mini, ba zan gani da idon da aka gyara mini ba.

Ciyaman: Ban ce har abada ba.

Kawu: Ba sai ka ce ba. Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Kun sa ni ina tsaye a nan ina tunanin wace addu'a zan yi ranar Asabar. Ban taɓa tsayawa tunanin wannan ba sai yau.

Ciyaman: Ka yi haƙuri, Kawu. Wallahi ban yi barci ba kan maganar nan.

Kawu: Riƙe haƙurinka. Ƙarfe nawa za a take?

Ciyaman: Ƙarfe huɗu.

Kawu: To ka gaya wa kwamitinku sun yi kuskure. Ba a kan gado na saurara ba. Gadon yana sa ni barci. A ƙasa nake zama bayan ƙofa, rediyo a kan kujerar roba, eriya tana kallon taga. Duk huɗun haka na yi. In za a yi abu a yi shi daidai.

Ciyaman: Kawu... ke nan ka yarda?

Kawu: Ba don kai ba, ba don Wanzami ba. Kuma ka gaya wa Dogo, in aka kai mana hari kada ya yi shiru, lokacin ne 'yan baya suke bukatar jin kiɗa. Kullum sai ya saki baki yana kallo.

Ciyaman: Zan gaya masa. Na gode, Kawu. Ana tashi daga wasa zan kira ka, ko in zo gida da kaina...

Kawu: Kada ka kira ni, kada ka zo. Ko mun ci ko mun faɗi, zan ji a rediyo.

Ciyaman: Haba Kawu, ai ni ɗanka ne, kada abin ya kai... Kawu? Kawu?