Ragowar da Ta Ƙi Fita

A wani shagon gyaran kwamfuta da ke unguwar Shisha a Makka, Datti, ɗalibi daga Kano, yana jiran layi riƙe da kwamfutarsa yana ta mita da Hausa, sai dattijon da ke gefensa ya juyo.

"Yaro, me ya same ta?"

"Au, Baba, kana jin Hausa? Tsohon antibairos na cire, sabon ya ƙi shiga. Wai sai an goge komai, ga kundin digirina a ciki."

"La, la, a'a! Ba mai goge maka karatu. Ka cire shi, amma ragowarsa na nan a ɓoye. Shiga shafin kamfaninsa, ka sauko da manhajar da ke share shi, ka kashe ka kunna. Khalas, shi ke nan."

Datti ya buɗe kwamfutar ya gwada, can sai ya zabura. "Wallahi ya shiga! Injiniya ne kai, Baba?"

"Injiniya 'yata ce, Wafa, ita ta koya min. Ni shekara talatin ina shara a Arfa. Na san ko an naɗe tanti, turaku na cikin ƙasa."

"Yaushe ka zo Makka?"

"Ban zo ba, nan aka haife ni. Gidanmu na unguwar Nakkasa an rushe shi. Hausar nan kuwa ta kakana ce, kuma ba a haifi mai share ta ba."